Ƙannena, ku daina kiran namiji matsoraci saboda dare ɗaya

Daren Lahadin nan, 9 ga Fabrairun 2025, na zauna kallon Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka (American football), tare da samarinmu a ɗakin wani ɗan'uwa a nan Bronx ta birnin New York, na tashi raina a ɓace. Philadelphia ta lallasa Kansas City 40 da 22, wannan bai dame ni ba, ƙwallo ce. Bakunanku ne suka dame ni. Tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba kun riga kun yanke wa Patrick Mahomes na Kansas City hukunci: wai matsoraci ne, wai asirinsa ya tonu, wai dama in wuta ta yi wuta zuciyarsa tsinkewa take yi. Wani yaro da bai kai shekara 20 ba har da zagin uwarsa. Haba!

Kun san abin da kwatabak irinsa, wato ɗan wasan da ke jagorantar farmaki yana jefa ƙwallo, yake gani kuwa? Daga lokacin da ƙwallo ta shiga hannunsa, daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku yake da su, ya karanci tsayuwar masu tsaron baya, ya zaɓi wanda zai jefa wa, alhali ƙarti masu nauyin kilo 130 sun taho su murƙushe shi. Mutum biyar ne katangarsa. A daren nan sau shida aka kayar da shi da ƙwallo a hannu, kuma da mutum huɗu kacal Philadelphia take kai masa farmaki, sauran bakwai suna baya sun toshe hanyoyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku ba ku kalli bangon ba. Ya yi kuskure, ban musa ba, sau biyu ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo. Amma kuskure daban, tsoro daban.

Wannan mutumin da kuke kira rago kofi uku ya ɗauka, a 2020 da 2023 da 2024, kuma duka ukun sai da aka ba ƙungiyarsa ratar maki goma kafin ya dawo da ita. Na 2023 da idon sawu mai ciwo ya buga, yana ɗingishi. Bara war haka a ɗakin nan kuka yi ta ihu babu kamarsa. Shekara ɗaya ta isa ku manta?

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Gaskiya ne, amma ba miyar dare ɗaya ake nufi ba. Ku tuna Josh Allen, kwatabak ɗin Buffalo, a Janairun 2022. Saura daƙiƙa 13 a tashi ya jefa ƙwallon da ta sa ƙungiyarsa a gaba. Masu tsaron bayansu suka saki, aka rama, aka shiga ƙarin lokaci, aka cinye su 42 da 36, shi kuwa ƙwallo ba ta sake zuwa hannunsa ba. To ina laifinsa? Amma har yau akwai masu cewa ba ya iya babban wasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mutum goma sha ɗaya ne a fili, ku kuna ɗora wa ɗaya kayan kowa. John Elway, tsohon kwatabak ɗin Denver, sau uku yana shan kashi a wasan ƙarshe, sai da ya kai shekara 37 ya ɗaga kofi. Shi kansa Jalen Hurts, kwatabak ɗin Philadelphia da kuke yi wa kirari yanzu, a 2018 yana jami'ar Alabama aka cire shi a tsakiyar wasan ƙarshe aka sa wani, duniya na kallo. Da a lokacin kuna nan, da kun binne shi da ransa.

Na kuma san inda wani zafin yake fitowa, kada ku ɗauka ban gani ba. Wayoyi a hannu, ana ta leƙa manhajar caca. Wanda ya zuba kuɗin guminsa na mako a kan ƙungiya ba wasa yake kallo ba, aljihunsa yake kallo, shi ya sa in an ci shi sai ashar. Isha'i ta wuce babu wanda ya motsa. Wannan maganar wata rana ce, amma tana ci mini rai.

Abin da na fi tsoro shi ne halin ba a ɗakin kallo yake tsayawa ba. Bakin da ya saba kiran gwani matsoraci saboda ɗan guntun bidiyo, shi ne gobe zai ce ɗan'uwansa ba shi da zuciya don ya faɗi jarrabawa ko kasuwarsa ta karye. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ku rinƙa kallon wasa gaba ɗayansa, ku sassauta harshe.

Muna yara a gida, in aka je dandalin dambe aka buge shago, dattawa ba sa yi masa dariya. Sai ka ji sun ce ranar ce ba tasa ba, su ambaci waɗanda ya buge a kakar bara, makaɗa su ci gaba da yi masa kiɗansa. Yaro bai isa ya buɗe baki ya zagi uwar ɗan wasa a gaban manya ba. Ranar Lahadi mu uku ne masu furfura a ɗakin, yaron ya yi zaginsa, ko kallon inda muke bai yi ba.