Bambancin bindigogin Sten ba alamar jabu ba ne

Wasu in suka ga bindigogin Sten biyu na Yaƙin Duniya na Biyu ba su yi kama sak ba, sai su ce ɗaya jabu ce. Ba haka ba ne. Sten ƙaramar bindiga ce mai sarrafa kanta, kuma tun 1941 Ingila ta shiga ƙera ta cikin gaggawa, aka rarraba aikin sassanta ga ƙananan masana'antu barkatai, har aka yi kusan miliyan 4. Samfurin Mk III ma kamfanin Lines Brothers ne ya ƙera shi, alhali sana'arsa kayan wasan yara ce! Kanada kuma ta ƙera nata a masana'antar makamai ta Long Branch. Shi ya sa masu tara tsofaffin makamai ke rubuta tambarin masana'anta da yanayin walda da siffar gindin kowace bindiga: wani gindin kamar harafin T yake, wani kuwa lanƙwasasshen ƙarfe ne kawai.