Miliyan Ɗayan Da Ta Zama Ɗari Kafin Ta Isa Ƙauyenmu

A farkon shekarar 2025 bankin da nake karɓar albashina na koyarwa ya yi wa masu ajiya garabasa, inda ake sa sunan duk wanda kuɗi suka yi wata guda a asusunsa cikin ƙuri'a. Ni ban ma san ana yi ba, kuma kuɗin da suka kwana a asusuna ba tsimi ne ya tsare su ba, katin cire kuɗina ne ya lalace, tsoron layi ya hana ni zuwa karɓar sabo. Saboda haka da wata mata ta kira ni tana yi mini albishir cewa na ci naira miliyan 1, sai na yi mata doguwar nasiha a kan tsoron Allah da makomar 'yan damfara, sannan na kashe waya ina jin na yi aikin lada. Sai da aka aiko ma'aikaci har makarantarmu na yarda, na je aka miƙa mini wani cekin kwali mai faɗin tabarmar sallah, aka ce in yi murmushi za a ɗauki hoto.

A daren nan na yi farin ciki na gaskiya. Na kwanta ina duba saƙon banki ina ƙirga sifirai, in ajiye waya, in sake ɗauka ko ɗaya ya gudu. Ga mutumin da albashinsa bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba, wannan kuɗi aikin fiye da shekara ne, don haka kafin asuba na gyara rufin ɗaki, na sayi babur, na biya kuɗin makarantar yara, duk a zuci.

Kashegari bankin ya sa hoton a Facebook. A majalisarmu ta ƙofar gida kuɗin sun zama miliyan 5 kafin azahar, a Kantin Kwari inda ƙanena yake tsaron shago an ce miliyan 20 ne, da labari ya isa ƙauyenmu a wajen Ɗambatta kuwa ya cika miliyan 100. Hujjar mutanen ƙauye ba ta da sauƙin rushewa: sun ce ba a taɓa ganin an rubuta ƙaramin kuɗi a takarda mai wannan girma ba.

Kawuna ne ya fara sauka, kuma da fuskar wa'azi ya zo. Bayan ya gama da kwanon tuwo ya gyara zama ya ce, “Ɗan nan, ina jiye maka tsoro, wannan kuɗi akwai warin caca a jikinsu.” Na yi masa bayani cewa ban sayi tikiti ba, ban sa ko sisi ba, kyauta ce aka ba masu ajiya. Ya ce shubuha dai shubuha ce, kuma hanya mafi tsira ita ce in raba kaina da su, in miƙa wa wani dattijo mabuƙaci wanda zai iya ɗaukar nauyin abin a madadina. Na duba ɗakin da kyau, ban ga wani dattijo ba sai shi. Da wannan dabara ta ƙi ci sai ya koma kan zakka, na tuna masa cewa nisabi misƙali 20 ne na zinare, wajen giram 85, wanda miliyan ɗaya ba ta ko kama hanyarsa ba, sannan sai dukiya ta shekara a hannu. Ya kalle ni ya ce ashe kuɗi har malamta suke ƙara wa mutum. Duk da haka bai tafi ba sai da naira dubu 50 da kuɗin mota.

Gwaggo kuwa ba ta roƙi komai ba, sanarwa kawai ta yi. Ta riga ta zaga dangi tana neman gafara domin ɗan ƙaninta zai biya mata kujerar Makka, har maƙwabta sun fara kiranta Hajiya. Kujerar a waccan shekarar ta haura naira miliyan 8. Da na durƙusa na yi mata lissafi dalla-dalla, sai ta ja mayafi ta ce, “Ba komai, ni ce na goya ka, amma ba komai.” Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan “ba komai” ta fi zagi ciwo, kuma ita ce ta ci buhun shinkafa da turmin atamfa.

Daga nan hanya ta buɗe. Wani da muka haɗa kaka ta wajen kishiyar kakata ya zo da takardar asibiti mai kwanan watan bara, surukina ya aiko a tuna mini cewa an yi mini rangwame a sadaki, abokan majalisa kuma suka yanka wa kansu kuɗin tsire da sunan walima. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa yake cikin matsi, kuma gaskiya yawancin buƙatun nan ba ƙarya ba ne, shi ya sa hana su ya yi mini wuya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne duk wanda na ba dubu 20 sai ya auna ta da miliyan 100, ya tafi yana cewa bai taɓa ganin marowaci irina ba.

Uwargida ce kaɗai ta yarda miliyan ɗaya ce, domin ta ga saƙon da idonta, amma ita ma ta sa mini ido, duk ranar da na sa hula sabuwa sai ta tambaya, “Malam, zance za a je ne?” Don a zauna lafiya na saya mata injin markaɗe.

Kafin watan ya ƙare asusun ya koma yadda na san shi, rufin ɗaki yana nan yana yoyo, na kuma ci bashin dubu 40 a ƙungiyar adashen malamai domin in sallami baƙin ƙarshe. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata sai da gyaran murya. Kawu kuwa ya buɗe asusu a wannan bankin, ya aiko a gaya mini in zuba masa kuɗin da za su kwana a ciki, tunda ya bincika an tabbatar masa cewa garabasar halal ce.