Ranka ya daɗe ciyaman, yaushe rabonka da sakatariya?

Assalamu alaikum. Nasihar yau ta masu riƙe da ƙananan hukumomi ce, mu ma sai mu saurara.

Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi muƙami. Sai ya dafa kafaɗarsa ya ce masa shi mai rauni ne, sarauta kuwa amana ce, ranar alƙiyama kunya ce da nadama, sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya kuma sauke abin da ke kansa. Muslim ne ya ruwaito. Sahabi fa, mai zuhudu. Ba imaninsa aka yi shakka ba, halinsa aka duba ko zai ɗauki nauyin.

Ƙananan hukumomi 774 gare mu a Najeriya, Kano kaɗai 44. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Madalla. Amma kuɗi ba ya gyara hali, tona shi yake yi.

Na taɓa zuwa wata sakatariya neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, ofisoshi a garƙame, akuya na kwance a baranda tana tuƙa. Masinja kaɗai na tarar, yana gyangyaɗi a benci. Na tambaye shi ina ciyaman, ya ce: "Ai sai ƙarshen wata, yana birni." To wa zai tsawata wa akawun da ya makara? Ma'aikata halin mai gida suke kwaikwayo. In ya iso ƙarfe takwas, ya zaga da ƙafarsa ya ga famfon tuƙa-tuƙa da ya mutu da ajin da iska ta yaye wa kwano, ba sai ya rubuta wa kowa takardar gargaɗi ba, kunya za ta kawo su.

Kuma a sassauta harshe. Allah Ya gaya wa AnnabinSa a Ali Imrana aya ta 159 cewa da ya kasance mai kaushin hali da taurin zuciya, da sun watse sun bar shi, sannan Ya umarce shi da shawara da su. Kansilan da ake yi wa tsawa a gaban jama'a ba zai sake faɗa maka gaskiya ba.

Abu Maryam al-Azdi ya shiga wurin Mu'awiya ya gaya masa hadisi: wanda Allah Ya jiɓinta wa al'amarin Musulmi, ya ɓuya wa buƙatunsu da talaucinsu, Allah zai shamakance shi daga tasa buƙatar ranar alƙiyama. Jin haka, Mu'awiya ya naɗa mutum na musamman mai kula da buƙatun jama'a.