Jirgin ƙasa zai iso Kano, amma Maiduguri da sauran tafiya

Masu tambaya ko jirgin fasinja zai ƙara hanyoyi a Najeriya, amsata ita ce zai ƙara, amma ba yadda ake zana taswira a wajen kamfe ba.

Layuka uku na zamani ne ke ɗaukar fasinja tsakanin garuruwa: Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 tun 2016, Itakpe zuwa Warri tun 2020, sai Legas zuwa Ibadan tun 2021. Babu wanda ya haɗu da ɗan'uwansa. Tazarar da ke tsakanin ƙarafansu milimita 1,435 ce. Shi kuwa tsohon layin Turawa da ya iso Kano a 1911, ya miƙa Ƙaura Namoda da Nguru, daga baya Maiduguri a 1964, tasa 1,067 ce. Taragon da ya taso daga tashar Idu ta Abuja ba zai hau tsohon layi a Kaduna ya zarce Zariya ba, ko da layin lafiyarsa ƙalau. Sai an shimfiɗa sabo fil.

Wanda na fi sa rai a kansa shi ne Kaduna zuwa Kano, kilomita 200 da 'yan kai. An aza harsashinsa a Yulin 2021, ya tsaya cak da bankin Exim na Sin ya ja da baya, sai Bankin Raya Ƙasa na Sin ya karɓa, ya saki kusan dala miliyan 255 a farkon 2025. Daɗin abin, a tashar Rigasa ta Kaduna zai manne da layin Abuja, don haka kan jirgi ɗaya da tarago ɗaya za su iya yin tafiyar gaba ɗaya. Fasinja kuma ba sai an nemo su ba, duk wanda ya san wahalar hanyar nan a mota ya sani.

Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil ke yi, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. A ganina Katsina za a fara kaiwa. Tsallaka iyaka na buƙatar yarjejeniyar kwastan da ta shige da fice, kuma mun ga yadda aka garƙame iyakar bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Can Nijar ɗin ma akwai darasi: layin Yamai zuwa Doso da aka buɗe a 2016 yana nan kwance, ba ya jigilar kowa.

Don shimfiɗa ƙarfe daban, gudanar da jirgi daban. A kowace kilomita akwai gungumen kankare wajen 1,660 da ƙarfen ke kwance a kai, kowanne da ƙugiya huɗu masu riƙe shi. Kusan ƙugiya 6,600 ke nan. Ɓarayi suka kwance na mita ashirin kawai da dare suka kai wa 'yan gwangwan, ƙarfen zai buɗe idan nauyi ya hau, ƙafar tarago ta zame ciki. Tsakuwar ƙasa ma sai ana bi ana daddanna ta da inji, in ba haka ba damina ɗaya ta isa layin ya lotsa. Sannan layin Abuja zuwa Kaduna tilo ne, jirgi biyu ba sa giftawa sai a tashar da ke da reshe, kuma matsala a wuri ɗaya ta tsayar da kowa. Bayan harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris 2022, sai Disamba aka dawo aiki.

Ga kuma kuɗi. Bashin da dala aka ci, tikiti da naira ake saya. A 2016 dala tana wajen naira 300 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Dizal da kayan gyara duk sun bi ta. Kuɗin fasinja kaɗai ba ya riƙe layi, sai da dakon siminti, taki, hatsi da kwantena. Shi ya sa rashin layi tsakanin Ibadan da Abuja ya fi komai ciwo: muddin babu shi, kayan tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas ba za su iso Kano a kan sabon layi ba.

Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon gina nasu, amma irin na cikin gari za su iya, kamar na Legas. Wace jiha ce za ta ɗauki kilomita 300?

Layin gabas kuwa, Fatakwal zuwa Maiduguri, ya haura kilomita 1,400. An ƙaddamar da gyaransa a Maris 2021, kuma zuwa 2024 abin da aka buɗe shi ne Fatakwal zuwa Aba, kilomita sittin da 'yan kai.