Bindigar iska ba kayan wasan yara ba ce

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan iyaye da yawa a garin Jos, cewa tunda bindigar iska ba ta cin albarushi, ba ta hayaƙi, ba ta da ƙara, to yayar danƙo ce kawai. Shi ya sa uba zai sayo wa ɗansa ita don harbin kurciya a gona ko gafiya a bayan gida, hankalinsa kwance. Wannan fahimtar tana iya jawo asarar ido, har ma da rai.

Dokar mallakar bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma take aiki har yau, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na ɗaiɗaikun mutane da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sai kuma bindigar toka ta mafarauta da ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Bindigar iska, doguwa ce ko ta hannu, tana kashi na biyu, sahu ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu. Ke nan takardarta ta fi ta bindigar toka nauyi. Dokar kuma ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara 12 ita ya taka doka, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu doka ba su yi zaƙewa ba. Ƙwayar dalmar da take harbawa ƙarama ce, faɗinta milimita 4.5 ko 5.5, amma tana huda fata, tana fasa ido, kuma idan ta samu yaro a gefen kai ko a wuya daga kusa, tana kisa. Ƙarfin ma ba ɗaya ba ne. Akwai mai sifirin da ake karyawa a ɗana, akwai mai 'yar kwalbar gas ta giram 12, sai kuma ta zamani mai tanki, wadda ake ɗura wa iska har ma'aunin bar 200 ko fiye. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da ɗan abu. Irin wannan tanki yana da famfonsa na musamman, kuma wanda ya kai shi wurin masu walda aka ɗura masa iskar oksijin, ya haɗa abin da zai iya tarwatsewa a fuskarsa.

Ita kanta ƙwayar abin tsoro ce tun kafin a harba ta. Yara kan cusa ta a baki don su yi saurin ɗuri. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma mu a Arewa mun san aikinta: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can ƙurar haƙar zinare ce ta kawo ta, amma gubar ita ce dai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne garin da muke ciki. Jos ta ga rikicin 2001, ta ga na 2008, ta ga na 2010, kuma har yanzu akwai shingayen jami'an tsaro a hanyoyinmu. Bindigogin iska da yawa an ƙera su ne da siffar na gaske. Sojan da ya hango matashi da magariba rataye da irin wannan, ko ɗan banga a unguwar da ba ta yaron ba, ba zai tsaya tambayar iska ce a ciki ko harsashi ba. A 2014 a birnin Cleveland na Amurka, ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, ɗan shekara 12, saboda yana riƙe da bindigar wasa mai kama da ta gaske. A nan kuwa, inda jita-jita ɗaya ke iya rufe kasuwar Terminus, abin ba zai tsaya kan yaro ɗaya ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a haramta ta kwata-kwata. Manomin da ɓeraye suka addabi rumbunsa yana da hujja. Harbi kuma wasa ne mai daraja: ana gasar bindigar iska daga nisan mita 10 a Olamfik tun 1984, kuma da ita Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinare a Beijin a 2008. Wasa ne na nutsuwa da riƙe numfashi, ba ya buƙatar babban fili, zaure mai tsawo ya isa.

Don haka ina kira ga hukumar wasanni ta Filato da rundunar 'yan sandan jiha su buɗe kulob ɗin harbi mai rajista a Jos, bindigogi su kwana a kulle a can, yara su koya a gaban malami, da gilashin kare ido da allon tare ƙwaya. Masu tallanta a intanet kuma a tilasta musu ganin lasisin mai saye kafin su miƙa kaya. Wanda ke da ita a gida yanzu babu takarda, ya raba ta da ƙwayarta, ya kulle su daban-daban, ya je ofishin 'yan sanda ya tambayi yadda zai yi da ita.