Gyara ce ko ciniki? Intanet ɗin kyauta da aka janye a Birtaniya

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san bambancin gyara da ciniki. Idan mai hatsi ya gama auna maka tiya biyar, ya ɗebi ɗan hannu ya zuba a kai, wannan gyara ce. Ranar da bai yi ba, ba ka da bakin magana. Amma idan tun kafin ka sa hannu a aljihu ya ce maka, "Alhaji, sayi tiya biyar a wurina in cika maka da rabin tiya," har ka baro rumfar maƙwabcinsa saboda wannan magana, to rabin tiyar nan ta shiga cikin ciniki. Ko da ya ci gaba da kiran ta kyauta, kuɗinka ne ya saye ta.

Wannan bambancin ne ya haɗa kamfanonin waya da kwastomominsu faɗa a Birtaniya, kuma shi ne ya zubar wa hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa a can, wato Ofcom, da ƙima a idon mutane da yawa.

Abin ya faro ne a 2006. A watan Afrilu na shekarar, kamfanin TalkTalk, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Carphone Warehouse na Charles Dunstone, ya cika gari da tallar cewa zai ba mutane intanet na gida kyauta, har abada. Mutane suka yi dafifi har kamfanin ya kasa jona su a kan kari, wasu suka yi watanni suna jira. Sai dai kyautar tana da wutsiya: dole ka biya fam 20.99 duk wata na hayar layi da kiran waya, ka biya fam 29.99 na jonawa, sannan ka ɗaure kanka wata 18. Cikin 'yan watanni hukumar da ke tace tallace-tallace, ASA, ta yanke cewa tallar tana yaudarar mutane. Amma gasa ta riga ta kankama. A watan Yuni, Orange, wanda ya sauya wa Wanadoo suna ya mayar da shi nasa, ya ce duk mai kwantiragin wayar hannu na fam 30 a wata zuwa sama zai samu intanet na gida ba tare da ƙarin ko sisi ba. Wata guda bayan haka Sky ma ya bi sahu da masu kallon tashoshinsa.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi wannan don neman lada. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lissafin a fili yake: wanda wayarsa da intanet ɗin gidansa ke hannun kamfani ɗaya, da wuya ya tashi. Ko ya ga wani kamfanin ya fi araha a kiran waya, zai tuna cewa barin wannan na nufin ya fara biyan intanet, sai ya haƙura ya sabunta kwantiragi. Shekara bayan shekara haka ake yi.

Sai 2012 ta zo. A lokacin Orange ya riga ya haɗe da T-Mobile tun 2010 sun zama Everything Everywhere, wanda daga baya aka taƙaita shi zuwa EE. Masu cin gajiyar tsohon tsarin suka fara samun wasiƙa: ko dai ka dawo da hayar layin wayar gidanka hannunmu, ko kuma intanet ɗin kyauta ya ƙare. Mutumin da ya yi shekara shida yana biyan fam 30 ko fiye duk wata, yana ƙin tayin wasu kamfanoni saboda wannan alkawari, aka wayi gari an ce masa gyara ce aka yi masa, kuma mai gyara ya ga dama ya daina.

Gaskiya ɗaya ce, kamfanin ma yana da abin faɗa. A 2006 intanet ɗin gida bai wuce duba wasiƙu da karanta labarai ba. Zuwa 2012 mutane na kallon talabijin ta iPlayer na BBC, Netflix kuma ya shigo ƙasar a watan Janairun shekarar. Wayoyin da ke shiga gidaje yawancinsu na Openreach ne, reshen kamfanin sadarwa na BT, kuma duk kamfanin da zai bi ta kansu sai ya biya. Abin da ya yi sauƙin bayarwa jiya ya koma kaya mai nauyi. Na yarda da wannan duka. Inda ban yarda ba shi ne a ce kuskuren lissafin da kamfani ya yi da kansa, kwastoma ne zai biya shi. Ɗan kasuwar da ya yi alkawarin rabin tiya bai ce "sai in hatsi bai yi tsada ba."

To ina mutum zai kai kuka? Nan ne abin ya fi ciwo. Ofcom, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2003, ba ta sauraron ƙarar mutum ɗaya. Tana karɓar ƙorafi ta tara, ta duba ko akwai matsalar da ta game gari, amma ba za ta shiga tsakaninka da kamfani ba. Tsarin shi ne ka fara kai kuka wurin wanda ya dake ka. A lokacin, in an yi mako takwas ba a sasanta ba, ko kamfanin ya ba ka takardar cewa magana ta cije, sannan ka wuce wurin masu sulhu masu zaman kansu da hukumar ta amince da su. A wancan lokacin akwai kuma ƙa'idar da ta ce idan kamfani ya sauya sharuɗɗa ta yadda zai cutar da kai sosai, dole ya ba ka sanarwar wata guda, kuma kana iya ficewa ba tara. Kalmar "sosai" ɗin nan ita ce ramin. Wa ke fara auna girman cutarwar? Kamfanin da ya yi ta. Kuma ba abin da ya fi masa sauƙi kamar ya ce abin da ba ka biya ba, janye shi bai rage ka da komai ba.

Yanzu a duba abin da ya biyo baya. A watan Yulin 2015, Ofcom ta ci tarar EE fam miliyan 1 saboda saɓa ƙa'idojin kula da ƙorafi tsakanin 2011 da 2014, ciki har da rashin sanar da wasu kwastomomi haƙƙinsu na zuwa wurin masu sulhu. Wato a daidai shekarun da mutane ke kukan an janye musu intanet, ƙofar da aka ce su bi ita kanta ba a nuna wa kowa ita yadda ya kamata ba. Hukumar ta gano, ta hukunta, amma bayan shekara uku. Tarar kuma baitul-malin gwamnati take tafiya, ba aljihun wanda aka ɓata wa rai ba. Don a san nauyinta: a farkon 2016 BT ya sayi EE a kan fam biliyan 12.5.

Wani abin da ya ƙara wa borno dawaki shi ne, a watan Agustan 2012 ɗin nan dai, Ofcom ta ba Everything Everywhere izinin fara 4G da zangon igiyoyin sadarwa da yake da shi, watanni kafin abokan gasarsa su samu dama. Ban ce akwai wata ƙumbiya-ƙumbiya ba. Hukumar ta ba da hujjarta cewa jama'a za su amfana da fara samun intanet mai sauri da wuri, kuma hujja ce mai kama hankali. Amma ka sa kanka a matsayin mai wasiƙar can. Buƙatar kamfani hukumar da kanta ta amsa ta, taka kuwa an ce ka koma wurin kamfanin ka jira mako takwas. Ba sai an karɓi cin hanci ba kafin amana ta lalace.

Ba za a ce Ofcom ba ta yi komai ba. Ta ci TalkTalk da Tiscali tarar fam miliyan 3 a 2011 kan cajin mutane kuɗin abin da ba su samu ba. Ta ci Vodafone fam miliyan 4.6 a 2016. A farkon 2014, bayan ƙungiyar kare masu saye ta Which? ta matsa lamba, ta fayyace cewa ƙarin kuɗi a tsakiyar kwantiragi na ba mutum damar ficewa kyauta. Sai kamfanoni suka zagayo ta bayan gida, suka rubuta ƙarin a cikin kwantiragin tun farko: hauhawar farashi da kashi 3.9 cikin ɗari a kai. A 2023 wannan dabara ta kai ƙarin sama da kashi 14 cikin ɗari a wasu kamfanoni. Hukumar ba ta haramta ta ba sai daga 17 ga Janairun 2025, inda ta ce dole a rubuta duk wani ƙari da fam da kwabo tun ranar sa hannu. Ita ma tallar "intanet kyauta" da ake ɓoye hayar layi a ƙasanta, sai a ƙarshen Oktoban 2016 ASA ta tilasta a haɗe kuɗin wuri ɗaya. Shekara goma cur bayan tallar TalkTalk. Kullum barawo ya riga ya tsallake katanga kafin mai gadi ya gama ɗaura takalmi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon labari na wata ƙasa shi ne, kwana uku kacal bayan waccan doka ta Ofcom ta fara aiki, a ranar 20 ga Janairun 2025, hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Su ma suna da hujja: tsadar dizal, faɗuwar naira, da shekaru fiye da goma ba a taɓa farashin ba. Amma mu ma da garabasa aka saba jawo mu: sa kati a ninka maka, sayi data a ƙara maka ta dare. Mutum ya sayi layi saboda ita, ya raba lambar ga 'yan uwa da abokan ciniki, ya haɗa ta da asusun banki da lambar NIN, ranar da aka janye kuma ba shi da wurin zuwa. Mun kuma ga ƙarfin NCC a 2015, lokacin da ta ci MTN tarar naira tiriliyan 1.04 kan layuka miliyan 5.1 marasa rajista, kafin a sasanta a kan biliyan 330. Wancan laifi ne da ya taɓa gwamnati. Mai kukan datarsa ta zurare an ba shi lambar 622 ya kira.

Da ni ake tambaya, abu biyu zan nema, daga Ofcom har NCC. Duk abin da aka ambata a talla don jawo mai saye a ɗauke shi a matsayin sharaɗin ciniki, ranar ƙarewarsa kuma a rubuta ta da manyan baƙaƙe daidai da kalmar "kyauta", ba a ƙasan shafi na tara ba. Sannan in an ci kamfani tara kan cutar da kwastoma, a fara mayar wa kwastoman nasa kafin baitul-mali ya ga ko kwabo. Kamfanin da ya iya nemo lambar mutum don ya turo masa talla da tsakar dare, ba zai rasa ta ba ranar biyan diyya.