Ranar da Manhajata Ta Tona Mini Asiri a Sabon Gari

Kun dai san aikin nan na Alhaji, wato manhajar lissafin kaya da na rubuta masa da harshen rubuta manhaja na C++, wadda zare ɗaya (wato sashen manhaja da ke gudanar da nasa aikin a lokaci guda da sauran) ke karɓar bayanan ciniki daga rassansa, wani zaren kuma yana rubuta su a faifai. A tsohuwar kwamfutata ta Samaru mai ƙwaƙwalwa biyu (wato sassan da ke gudanar da umarnin manhaja), ko tari ba ta taɓa yi ba. Ranar nuni aka ɗora ta a sabuwar kwamfutar shagonsa mai ƙwaƙwalwa takwas, aka tara akanta da yaran shago, har da mai shayin bakin ƙofa ya leƙo.

Na gyara hula, na ce, "Ranka ya daɗe, daga yau an daina ɓatan lissafi." Ban rufe baki ba allon ya tsaya cik, sai ga kalmomi biyu farare a kan baƙi: Segmentation fault. Wannan saƙo ne da Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ke bayarwa idan manhaja ta taɓa wurin da ba nata ba a cikin memori, sai a aiko mata da siginar SIGSEGV mai lamba 11, a kashe ta nan take. Na sake tayar da ita, ta yi aiki kamar ba ita ba, na fara murmushi, ta sake faɗuwa. Alhaji bai ce komai ba, carbinsa kawai ya ci gaba da ja, akanta kuwa ya jawo tsohon littafinsa ya buɗe a hankali, yana tabbatar da cewa na gan shi.

A nan ne ɗan ƙanen Alhaji ya matso ya karanta saƙon da ƙarfi, harafi bayan harafi, sannan ya yanke hukunci: "Baba, bairos ne." Na yi masa bayanin cewa zaruruwa biyu ne ke rige-rige a kan wuri ɗaya, ya ce ai shi ma bairos rige-rige yake yi. Yaron da bai taɓa rubuta layi ɗaya ba ya tsaya a kaina yana ce mini, "Yaya, bari dai in duba maka."

Abin haushin shi ne, da na cusa printf, umarnin da ke buga saƙo a allo, don in kama ɓarawon, sai matsalar ta ɓace, domin ɗan jinkirin bugawa ya sauya tseren. A ƙarƙashin Valgrind, kayan aikin gano kurakuran memori, ma shiru, tunda shi zare ɗaya yake barin ya gudana a lokaci guda. Sai da na koma gida na harhaɗa ta da ThreadSanitizer, kayan aikin kama rige-rigen zaruruwa, ya nuna mini zaren rubutu yana sakin wani yanki na memori alhali zaren karɓa bai gama da shi ba. Makulli ɗaya na sa a tsakaninsu, wanda ke sa zare ɗaya ya jira ɗayan ya gama, magana ta ƙare.

Kafin in dawo, yaron ya riga ya zuba wa kwamfutar maganin bairos mai nauyin da ya rage mata gudu, faɗuwar ta yi sauƙi, duk kasuwa ta ji cewa shi ya gyara. An ce har kuɗin mai Alhaji ya ba shi. Ni dai cikon kuɗina an ce in dawo bayan Sallah, ba a kuma faɗi wace Sallah ba.